Kafin ka saka ɗakinka a manhajar hayar kwana: wa zai riƙe bayananka, wa zai kai wa hukumar haraji?

Mai ɗaki ko gida da ke son bai wa baƙi hayar kwana biyu ko mako guda, la'ada yake fara dubawa: nawa Airbnb za ta yanka, nawa Booking.com, nawa Vrbo. Ba laifi ba ne, amma akwai abin da ya fi la'ada daɗewa tare da kai. Ranar da ka buɗe asusu ka miƙa sunanka, ranar haihuwarka, adireshin gidan, lambar harajinka da lambar asusun bankinka, sun fita daga hannunka ke nan, kuma wani ɓangare nasu hukumar haraji zai nufa.

Gara in faɗa tun da wuri: in hanyar ɓuya wa hukumar haraji kake nema, babu ita a nan. Harajin kuɗin haya yana wuyan mai gida ko an kai rahotonsa ko ba a kai ba. Abin da za ka iya zaɓa shi ne hannu nawa bayananka za su ratsa, da ko adadin da aka rubuta da sunanka ya yi daidai da abin da ya shigo aljihunka.

Dokar da ta sauya komai a Tarayyar Turai ita ce wadda ake kira DAC7. An amince da ita a 2021, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2023, rahoton farko kuma ya tafi a ƙarshen Janairun 2024. Ta wajabta wa kowane dandali, wato manhaja irin su Airbnb, ya tattara bayanan mai bayar da haya, ya haɗa da kuɗin da ya samu a kowane wata uku, da la'adar da aka cire, da adireshin kowane gida, da yawan kwanakin da aka yi haya inda aka san su. Mutane da yawa suna ruɗewa da wani sassauci da ke cikin dokar, na wanda cinikinsa bai kai sau 30 ba kuma bai wuce Yuro 2,000 ba. Wannan na masu sayar da kaya ne kawai. A hayar gida, ko baƙo ɗaya ka sauka a shekara, sunanka yana cikin rahoto. Kuma hukumomin suna musaya tsakaninsu: wanda ke zaune a Jamus yana da gida a Sifaniya, ƙasashen biyu duk za su ji labarinsa. Birtaniya da Kanada sun ɗauki irin wannan tsari daga 1 ga Janairun 2024, bisa ƙa'idojin da ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta fitar a 2020. Ostireliya ta fara nata a Yulin 2023. Amurka tata hanyar daban ce, ta takardar 1099-K da ke nuna wa hukumar haraji kuɗin da aka biya ka, kuma wanda bai bayar da lambar harajinsa ba ana iya riƙe kashi 24 cikin 100 na kuɗinsa.

Da wannan a zuciya, sai a duba zaɓin da ake da su.

Airbnb ita ke karɓar kuɗi daga baƙo, ta cire nata, ta turo maka saura. Saboda haka babu kwabon da bai bi ta littafinta ba, kuma ta sha ja-in-ja da gwamnatoci kan wannan batu. Italiya ta kafa doka a 2017 cewa dandali ya riƙe kashi 21 cikin 100 na kuɗin haya ya miƙa wa hukuma. Kamfanin ya ƙi, aka je har Kotun Tarayyar Turai, wadda a Disambar 2022 ta ce Italiya tana da ikon neman bayanan da kuma riƙe harajin. Shekara guda bayan nan Airbnb ta amince ta biya Yuro miliyan 576 don a rufe maganar shekarun 2017 zuwa 2021. A Jamus ma, hukumar harajin Hamburg ta samo bayanan masu gidaje a 2020 bayan doguwar shari'a, kuma bayanan na shekarun baya ne. Wannan shi ne abin da nake so mai sabon shiga ya riƙe: kamfani yana iya yin gardama na wasu shekaru, amma ranar da ya sha kaye, abin da ya ajiye tun tuni shi zai miƙa. Alherin wannan tsari shi ne lissafinsa a fili yake, za ka sauke tarihin kuɗinka gaba ɗaya ba tare da wahala ba.

Booking.com, mai hedikwata a Holan, ta ɗan bambanta. A wurare da yawa tana barin baƙo ya biya mai masauki kai tsaye, ita kuma ta aiko da takardar la'adarta duk wata. Wasu na ɗauka cewa tunda kuɗin bai bi ta hannunta ba, ba ta da abin faɗa wa hukuma. Kuskure ne. Da farashin ɗakin take lissafa la'adarta, don haka ta san shi, dokar kuwa ta shafi duk kuɗin da dandali ya sani ko ya kamata ya sani. Matsalar da ke nan ma ta fi ta Airbnb ciwo: baƙon da ya kama ɗaki bai zo ba, ko ya rage kwana, in ba ka gyara a cikin asusunka kan lokaci ba, littafinsu zai nuna kuɗin da ba ka taɓa gani ba. Ta fuskar sirri kuma, hukumar kare bayanai ta Holan ta ci kamfanin tarar Yuro 475,000 a 2021 saboda jinkirin sanar da wani kutse da ya taɓa bayanan mutane fiye da 4,000. Ta hanyar yaudarar ma'aikatan otal ɓarayin suka shiga, wanda ke nuna cewa sau da yawa ƙofar da ba a kulle ba tana wajen mai masauki ne.

Vrbo ta kamfanin Expedia ce, gida sukutum take bayarwa, ba ɗaki a cikin gidan da kake zaune ba. A maganar rahoton haraji, doka ɗaya ce ta hau kansu su ukun.

Sai shafukan talla zalla, waɗanda aikinsu kawai su nuna hoton gida da lambar waya, ciniki kuma ku ƙulla shi a waje. DAC7 ta cire irin waɗannan daga ma'anar dandali, don haka ba sa kai rahoto. A nan ne nake ganin mutane suna gudun gara su faɗa gidan zago. Lambar wayarka da hoton ƙofarka suna fili ga duk mai intanet, babu wanda ya tantance baƙon da zai kwana a gidanka, babu mai shiga tsakani in ya fasa kaya ko ya ƙi biya. Ka kare bayananka daga ma'aikacin harajin da doka ta ɗaure bakinsa, ka baje su ga wanda ba ka sani ba.

Hanyar da ta fi ba ka iko ita ce karɓar baƙi kai tsaye ta shafinka na intanet. La'ada ta ragu, hannuwan da ke riƙe da takardunka sun ragu. Sai dai banki da kamfanin da ke karɓar maka kuɗin kati suna da nasu littafin, a Amurka ma kamfanonin karɓar kuɗi suna fitar da 1099-K ɗin nan. Sannan nauyi ya juyo kanka: yanzu kai ne mai riƙe da sunayen mutane da hotunan fasfo ɗinsu, kuma a Turai dokar kare bayanai ta GDPR tana binka kamar yadda take bin manyan kamfanoni. A Italiya da Sifaniya, mai masauki ne ke aika bayanan baƙinsa ga hukumomin tsaro. Wanda ke ajiye fasfo ɗin baƙi a cikin hotunan wayarsa bai shirya wa wannan hanya ba.

Dillali ko kamfanin kula da gidaje yana sauke maka wahala, amma kafin ka sa hannu ka tambaye shi da sunan wa aka buɗe asusun, kuma a asusun bankin wa kuɗi ke faɗawa. Rahoto yana bin sunan da ke rajista. Mutum ya ari asusun ɗan'uwansa don yana da kyakkyawar shaida daga baƙi, ƙarshenta wasiƙar haraji ta sauka a gidan wanda bai ci ko sisi ba.

Damuwar masu gidaje kan sirrinsu ba raki ba ce, kuma ina jin haushin masu cewa wanda bai da abin ɓoyewa ba ya tsoro. Hukumar haraji ma ana kutsa mata: a 2019 an sace bayanan kimanin mutum miliyan 5 daga hukumar tara kuɗin shiga ta Bulgeriya. Takardar da ke ɗauke da adireshin gida, da yawan kwanakin da baƙi ke ciki, da lambar asusun banki, ba ƙaramar tsoka ba ce ga ɗan damfara. Kuma 'yancin nan na cewa a goge bayananka ba ya aiki kan abin da doka ta ce a ajiye, DAC7 kuwa ta ce a ajiye shekara 5 zuwa 10. Rufe asusu ba ya share waɗannan bayanan. Ƙin bayar da lambar haraji ma ba mafita ba ce: bayan tunatarwa biyu da cikar kwana 60, dole dandali ya rufe asusunka ko ya riƙe kuɗinka.

Inda kake da bakin magana shi ne kan abin da ya wuce buƙatar doka. Hukumar kare bayanai ta Ailan, inda ofishin Airbnb na Turai yake, ta taɓa jan kunnen kamfanin a 2023 kan riƙe kwafin katin shaidar wani fiye da yadda ya dace. Don haka ka duba tsawon lokacin da kowanne ke riƙe hoton katinka, da waɗanda yake raba bayananka da su don talla, ka kashe abin da ake iya kashewa.

A ganina, mai ɗaki ɗaya ko gida ɗaya ya zauna da babban dandali guda, wanda kuɗi ke bi ta cikinsa, ya cike bayanan harajinsa daidai tun ranar farko. Saka gida a manhajoji uku yana nufin kamfanoni uku na riƙe da katinka, da rahoto uku da sai ka daidaita. Mai gidaje da yawa da baƙinsa ke dawowa, shi ne shafin kansa zai amfana, in har zai iya tsare amanar bayanan mutane. Ko wanne ka ɗauka, ka ware wa hayar asusun banki nata, ka kunna tabbatar da shiga mai mataki biyu.

Dokar DAC7 ta kuma tilasta wa dandali ya ba ka kwafin abin da ya rubuta a kanka zuwa 31 ga Janairu. Ka sauke shi, ka ajiye kusa da takardar bankinka, ka bi wata uku-uku. Ka lura cewa a tsarin Turai ana rubuta kuɗinka bayan cire la'ada, a nuna la'adar daban, amma 1099-K ta Amurka jimillar kuɗi take nunawa kafin a cire komai, kai ne za ka fitar da la'adar da sauran kuɗin da ka kashe a takardar harajinka. In ka ga adadin da bai yi daidai ba, ka rubuta wa dandalin ya gyara kafin ka cike taka takardar, ka kuma ajiye amsar da suka ba ka.