Ta wace hanya ƙararrawar gidanka za ta kira ka? Abin dubawa kafin ka saya

Kawuna ya sayo akwatin ƙararrawar tsaro daga wajen masu kayan gwanjo, na Amurka, mai nauyi, ƙarfensa ko kwarzane babu. Mai haɗawa ya zo ya kafa sensa a ƙofofi da tagogi, ya ɗora jiniya a saman soro, aka buɗe ƙofa ta yi kuka har maƙwabta suka leƙo. Bayan mako biyu Kawu ya kira ni. "Ɗana, zo ka duba min abin nan. An ce in na yi tafiya zai kira ni, amma ko sau ɗaya bai taɓa ba." Na buɗe murfin, sai ga wasu kusoshi huɗu a jere a gefen allon, an rubuta TIP, RING, T1 da R1 a ƙarƙashinsu, babu ko silin waya a jikinsu. Na ce, "Kawu, wannan wayar girke yake nema, irin ta zamanin NITEL." Ya yi shiru, don rabon gidan da irin wannan layi an fi shekara ashirin.

Shi ya sa nake cewa kafin ka tambayi kuɗin na'ura ko yawan sensa, fara tambayar ta inda za ta fitar da labari. Jiniya tana tsorata ɓarawo, tana kuma tada unguwa, amma in kana kasuwa ko ka tafi ƙauye biki, ba ta isa kunnenka. Hanyoyin uku ne: wayar girke, layin sim, da intanet.

Bari in ɗan daɗe a kan wayar girke, don yawancin tsoffin akwatunan DSC da Honeywell Vista da ke yawo a gwanjo a kanta aka gina su, kuma akwai 'yan uwanmu a ƙasashen waje da har yanzu suke da ita a gida. Alherinta a fili yake: wutarta daga ofishin kamfanin waya take zuwa, kusan bolt 48, saboda haka ko an ɗauke wutar gida layin yana raye. Sai dai haɗa ta yana da ƙa'ida, kuma a nan ne masu haɗawa da yawa suke yin kuskure. Ba a jona akwatin a kowace soket ta bango kamar yadda ake jona kan waya. Dole layin da ya shigo daga waje ya fara bi ta cikin akwatin, ya shiga ta TIP da RING, sannan ya fito ta T1 da R1 ya wuce zuwa wayoyin ɗakuna. Dalili kuwa, idan ƙararrawa ta tashi, akwatin zai katse duk wayoyin gidan ya karɓe layin shi kaɗai. In ba a yi haka ba, ɓarawo ya ɗaga kan waya a falo ya ajiye a gefe, ko kuwa yaro ya manta bai mayar da ita daidai ba, shi ke nan kira ba zai fita ba.

A Amurka ana yin wannan haɗi ne da wata soket mai hakora takwas da ake kira RJ31X. Layin waje yana shiga ta hakori na 4 da na 5, na cikin gida yana komawa ta na 1 da na 8. A cikinta akwai wasu 'yan ƙarafa da ke haɗe layin da kansu idan ka zare igiyar akwatin, don wayoyin gida su ci gaba da aiki ko da na'urar ta lalace. Wanda intanet ɗinsa ke bin layin wayar girke, wato DSL, kuma sai ya sa matata, 'yar na'urar da ke raba intanet da sautin kira, kafin akwatin. Mai haɗawa ya yi hattara da hannunsa, domin in kira ya shigo yana riƙe da wayoyin, wutar ƙarar tana kai kusan bolt 90.

Akwai abin da mai sayarwa ba kasafai yake faɗa ba. Irin waɗannan akwatuna ba magana suke yi ba. Suna kiran cibiyar sa-ido ta kamfanin tsaro ne su aika lambobi 16 da sautin maɓallan waya, tsarin da ake kira Contact ID: lambar gidan, irin abin da ya faru, da sashen da ya faru. Lamba 130 fasa gida ce, 110 gobara, 301 an ɗauke wuta, 302 batir ya yi ƙasa. Na'urar cibiyar ce ke amsawa da nata sautin. Idan ka sa lambar salularka, ba wani bayani da za ka ji. Ke nan ko da Kawu yana da layin, sai ya yi rajista da kamfanin sa-ido mai irin wannan na'ura, ya riƙa biya duk wata.

Raunin wayar girke babba shi ne igiya ce a waje. Almakashi ɗaya ya isa. Ga shi kuma duniya tana barin ta: a Birtaniya an tsayar da ƙarshen Janairun 2027 don rufe tsohon layin a koma na intanet. Kada wanda ke can ya ɗauka cewa jona akwatin a bayan rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ya wadatar. Layin da ke bin intanet yana matse sauti, yakan gurɓata lambobin nan, kuma yana mutuwa da zarar wuta ta ɗauke. A Najeriya kuwa, tun da salula ta shigo a 2001 wayar girke ta yi ta ja da baya, har aka sayar da kadarorin NITEL. Ban ga dalilin da zai sa mai gida a Kano ko Maraɗi ya sayi na'urar da wannan ce kaɗai hanyarta ba.

Mai sim ita ta fi dacewa da yawancinmu. Babu igiyar yankewa, tana aiki da batirin akwatin, tana turo saƙo ko ta kira lambobi da dama a jere. Amma ka duba abu uku da idonka. Na farko, wane zamanin sabis take kamawa? Masu araha da yawa 2G kaɗai suka sani. A Amurka, lokacin da manyan kamfanoni suka rufe 3G a 2022, sai da aka bi gida-gida ana canza na'urorin ƙararrawa. A wajenmu 2G tana nan tukuna, amma abin da za ka kafa a bango shekara goma gara ya zama mai 4G. Masu sim ɗin da aka yi wa kasuwar Amurka kuma sau da yawa a ɗaure suke da kamfanonin can, kada ka taɓa su. Na biyu, sim ɗin kansa amana ne: a haɗa shi da NIN, a riƙa sa masa kati, domin layin da ya daɗe a kwance kamfani yana karɓewa ya ba wani, kai kuwa kana barci da tunanin gidanka yana da mai gadi. Na uku, ƙarfin sabis a daidai inda akwatin zai zauna. Ɗakin ajiya mai rufin kankare da ƙofar ƙarfe yana cinye sabis. Ka shiga da wayarka mai irin layin, ka rufe ƙofa, ka duba sanduna nawa suka rage.

Sabis ma yana iya ɗaukewa gaba ɗaya. Mutanen Zamfara sun gani a watan Satumbar 2021, da aka rufe layukan waya saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. A irin wannan hali jiniya da maƙwabci nagari ne kawai suka rage, don haka kada ka rage kuɗin jiniya don ka sayi na'ura mai tsada.

Ta intanet ta fi sauri, tana nuna maka komai a manhajar waya, wasu har da hoto. Matsalarta wuta ce. Akwatin yana da batirinsa, galibi mai bolt 12 da amfiya-awa 7, amma rauta ba ta da shi. NEPA ta ɗauke, rauta ta mutu, akwatin yana raye amma bakinsa a rufe. In gidanka yana kan sola ko inbata dare da rana, to madalla. In ba haka ba, kada ka dogara da ita ita kaɗai.

Da kuɗina ne, mai hanya biyu zan saya: intanet a gaba, sim a baya. Na'urar ƙararrawa ta Ajax Hub 2 tana ɗaukar igiyar intanet da sim biyu, sai ka sa layukan kamfanoni daban-daban. Ka dai tabbatar samfurin 4G aka ba ka, don akwai na 2G. Hikvision AX PRO ma tana da samfura masu haɗa Wi-Fi da igiya da sim. Ka tambayi mai sayarwa ko manhajar tana sanar da kai idan akwatin ya yi shiru, domin wannan ne zai nuna maka an yanke wani abu.

Shi Kawu bai jefar da akwatinsa ba. Akwai ƙaramar na'ura mai sim da ake jonawa a TIP da RING, ta yi wa akwatin kamar ita ce layin waya, ta karɓi lambobin Contact ID ta mayar da su saƙo. Ita muka sa. Kafin mu sallami mai haɗawa na ce, "Malam, a gwada tukuna." Muka kashe wutar gidan daga mita, muka kunna tsaro, Kawu ya fita ƙofar gida da wayarsa a hannu, ni kuma na tura tagar kicin. Jiniya ta ɗauka, kafin ta yi nisa saƙon ya shigo masa da lambar sashen tagar. Sannan ya ƙirga wa mutumin kuɗinsa, ya kuma rubuta lambar sim ɗin da ranar sa masa kati a cikin murfin akwatin.