John Luther Adams da Julia Wolfe: da wa za a fara?

Malam, ka tambaya ko masu tsara kiɗan manyan makaɗa irin na Turawa a wannan zamani suna taɓo matsalar muhalli da ta talaka, kuma wa ya kamata ka fara saurara. Suna taɓowa ƙwarai. Ga Amurkawa biyu da suka ci kyautar Pulitzer, babbar kyautar Amurka, a fannin kiɗa a jere, kowa da hanyarsa.

Adams ya daɗe yana zaune a Alaska, ya kuma yi aikin kare muhalli kafin ya rungumi kiɗa kacokan. Aikinsa Become Ocean (wato "zama teku"), da aka fara kaɗawa a Seattle a 2013, ya ci kyautar a 2014. Minti 42 ne, babu kalma ko ɗaya. Ya kasa makaɗa gida uku, kowane gida yana tashi yana sauka kamar raƙuman ruwa, wani lokaci su haɗu su cika kunne. Abin da ke ransa shi ne narkewar ƙanƙara da hauhawar teku. Kiɗan yana ratsa jiki, amma in ba a faɗa maka sunansa ba, da wuya ka gane inda ya dosa.

Wolfe kuwa sunaye take kira. Anthracite Fields, wanda ya ci kyautar a 2015, kan mahaƙan kwal na jihar Pennsylvania ne, inda ta taso. Ta shiga ramukan, ta zanta da tsofaffin mahaƙa. A farkonsa mawaƙa suna jero sunayen waɗanda hatsari ya rutsa da su, daga kundin haɗurran ma'adinai na 1869 zuwa 1916. Sunayen sun yi mata yawa, sai ta tsaya kan masu suna John kaɗai, kuma duk da haka jerin ya yi tsawo. Wannan wurin yana sa ni hawaye. Ta kawo yaran da ke tsince duwatsu daga kwal da hannu, ta rufe da jero abubuwan da mutane ke yi da lantarki kullum, don mai sauraro ya san shi ma yana cin gumin nan.

A 2019 ta sake yin wani kan gobarar masana'antar ɗinki ta New York ta 1911, wadda ta kashe mutum 146, yawancinsu mata baƙin haure. Ta tsayar da mawaƙa mata 146, wasunsu riƙe da almakashi suna kaɗa shi.

Ni dai, Malam, ka fara da Wolfe, ka nemi rubutun kalmomin ka riƙe a hannu. Adams ka bar shi sai ka samu minti 42 ɗin nan ba mai katse ka, don ba a sauraronsa guntu-guntu.