Kafin ka sayi fiyano don kiɗan Einaudi

Wanda ya saurari Ludovico Einaudi, makaɗin fiyano ɗan Italiya da aka haifa a Turin a 1955, sai ya ɗauka kiɗansa wasa ne: hannun hagu na ta maimaita abu guda, na dama na tafiya a hankali. Faifansa I Giorni na 2001 ya biyo bayan tafiyar da ya yi Mali, ƙila shi ya sa kunnenmu ke saurin kama shi. Amma daɗin duka yana cikin yadda ake danna madanni, da taushi ko da ƙarfi, da fedar da ke riƙe sauti. Na'urar da ba ta jin wannan bambancin, asarar kuɗi ce.

Ni dai fiyanon lantarki Casio CDP-S110 nake so, ba zan ɓoye ba. Madanninsa 88, masu nauyi kamar na fiyanon katako. Nauyinsa kilo 10 da rabi, kuma siriri ne, yana shiga ɗan ɗaki ba tare da an fitar da katifa ba. Babban abin, yana aiki da batir AA guda 6. A zafin watan Afrilu, in wuta ta ɗauke ɗaki ya zama tanda, sai in fito da shi tsakar gida bayan isha'i in ci gaba da koyo. Lasifikarsa ba ta da amo sosai, fedar da ke zuwa da shi kuma ƙarama ce, tana gudu a kan siminti. Ni a kan tabarma nake ɗora ta.

Yamaha P-45 shi ma 88 ne, amma ba wuta ba kiɗa. Haka Roland FP-10. Masu madanni 61 kuwa, a bar wa makaɗan biki.

Irin mai 61 ɗin aka taɓa cuta ta da shi a wani shago nan Maradi. Sunan babban kamfani a jikinsa, yana ta ƙyalli, mai shago na cewa: "Alhaji, wannan na Turai ne." Da na kai gida, ko ka shafa ko ka naushe shi, ƙara ɗaya yake yi. Bayan kwana biyu harafin farko na sunan ya ɓamɓare, ashe manna shi aka yi.

Saboda haka kar ka biya sai an kunna a gabanka. Ƙirga fararen madanni, 52 ne, baƙaƙe 36, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, musamman in na gwanjo ne da ya sha ƙurar hunturu. Juya shi ka duba lambar da ke ƙasa ko ta yi daidai da ta kwali. Caja ma ana musanya ta da ta banza, wadda ke iya ƙona na'urar. In ya ce ba wuta a shago, ce masa za ka dawo gobe, kuɗinka na aljihunka.