Sharhi Kan Hidimar Zagayen Tsofaffin Gine-ginen Birnin Kano

Akwai wani ɗan jagora mai zaman kansa da ke kai baƙi zagayen tsofaffin gine-ginen cikin birnin Kano, daga hantsi zuwa la'asar, kuma a ganina hidimarsa ta cancanci kuɗinta, domin mutumin ya san aikin magina kamar yadda ya san tarihin sarakuna.

Zagayen yana farawa ne daga Gidan Makama, wanda aka gina wa Muhammadu Rumfa kafin ya hau gadon sarauta a 1463, kuma yanzu gidan adana kayan tarihi ne. A nan ya fi nuna gwaninta. Ya tsayar da mu a zaure, ya sa muka ɗaga kai, sannan ya bayyana yadda ake jera azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, a lulluɓe ta da laka har a sami bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da zai ɗauki nauyin rufi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Ya nuna mana cewa kaurin bangon tubali ne ke hana ɗaki ɗaukar zafi, makuba (yaɓen da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa) da indararo kuma su ke kare shi da damina, shi ya sa ginin da aka daina yi wa yaɓe yake zubewa cikin 'yan shekaru. Wanda ya ji wannan bayani, ko zankwayen da ke saman Ƙofar Kudu ta Gidan Rumfa, wato fadar Sarkin Kano, ya kalla, da wani ido zai kalle su.

Inda na ga gazawa shi ne rabon lokaci. Ganuwar da aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekaru 900 da suka wuce, leƙa ta kawai muka yi, alhali ita ce ta fi buƙatar a tsaya a ga yadda zaizaya da masu ɗibar ƙasa suka cinye ta. An daɗe kuma a Kasuwar Kurmi ana ciniki, har hawan Dala ya faɗo da tsakar rana, dattawan cikinmu suka haƙura.

Duk mai niyya ya nemi a fara da Dala tun da sassafe, ya roƙi a saka Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer, Baturen da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya zauna, ya kuma tabbatar tun farko ko kuɗin ya haɗa da na shiga gidajen tarihi da na a-daidaita-sahu.