Sharhi: Khan Academy da Bluebook a shirin jarrabawar SAT

Duk mai neman gurbin karatu a jami'o'in Amurka, ko ba daɗe ko ba jima zai yi karo da jarrabawar SAT, kuma tun kafin ya gama gane kanta masu sayar da kwasa-kwasan share fage za su yi masa rubdugu da talla. Ni ma da wani kwas na kuɗi na fara a intanet, ba zan kama suna ba. Daga baya na koma kan abubuwa biyu na kyauta, wato darussan shafin intanet na Khan Academy da Bluebook, manhajar masu shirya jarrabawar, kuma da su na shiga ɗakin jarrabawa. An ce araha ba ta ado, amma a nan na kyautar ya fi na kuɗin amfani nesa ba kusa ba, matuƙar mutum ya san aikin kowanne a cikinsu.

Sai an san siffar jarrabawar za a gane dalili. Hukumar College Board mai shirya SAT ta ajiye takarda da fensir. Tun watan Maris na 2023 ake yin ta a kwamfuta a wajen Amurka, a cikin Amurka kuwa daga Maris na 2024. Yanzu awa 2 da minti 14 ce, tambaya 98. Ɓangaren karatu da rubutu na da tambaya 54 cikin minti 64, lissafi na da 44 cikin minti 70, da hutun minti 10 a tsakaninsu. Maki daga 400 ne zuwa 1600, kowane ɓangare 200 zuwa 800. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne an raba kowane ɓangare kashi biyu, kuma ƙwazon da ka yi a kashin farko shi ke yanke ko na biyu zai zo maka da tsauri ko da sauƙi. Wanda ya faɗa mai sauƙin, ko ya ci duka akwai iyakar da makinsa ba zai haura ba. Saboda haka idan ka ga kashi na biyu ya yi zafi, kada gabanka ya faɗi, alamar alheri ce.

Kwas ɗin da na biya wa kuɗi bai san da wannan sauyi ba, ko kuma ya sani ya yi biris. Har lokacin dogayen nassoshi yake kawowa, kowanne da jerin tambayoyi goma a ƙarƙashinsa, da wani sashen lissafi da aka hana taɓa kalkuleta. Wannan duk tsohon yayi ne. A sabuwar jarrabawa kowane nassi gajere ne, kalma 25 zuwa 150, tambaya ɗaya tak ke bin sa, kuma an yarda da kalkuleta daga farkon lissafi har ƙarshensa. Kafin ku ba kowa kuɗinku, ku nemi ganin samfurin tambayoyinsa tukuna.

Darajar Bluebook ita ce, da ita ɗin ce za ka rubuta jarrabawar ta gaske. Agogon da ke saman allo, wanda za ka iya ɓoyewa idan yana tayar maka da hankali, da alamar da ake sa wa tambaya don a dawo kanta, da damar soke amsar da ka tabbatar ba ita ba ce, da shafin ƙa'idojin lissafi, duk yadda ka gan su a gida haka za ka tarar da su ranar jarrabawa. Cikakkun jarrabawoyin gwaji da ke ciki su ma suna sauya tsauri kamar ta gaske. Ranar da na zauna ta gasken, babu abin da ya zo mini baƙo a allon, kuma wannan kaɗai ya rage mini rabin fargaba.

Sai dai jarrabawoyin gwajin ƙidayayyu ne, don haka a yi tattalinsu. Wanda ya zazzage su cikin mako ɗaya don ɗokin ganin maki ya yi asarar ma'auninsa. Yadda na ga ya fi shi ne a yi ɗaya tun farko don a san inda ake, sauran a warwatsa su, kowacce a zauna mata da lokacinta cif, waya a kashe, hutun minti 10 ɗin ma kada a ƙara masa. Bayan an gama ne ainihin aikin yake farawa. Sakamakon yana fitowa a shafin College Board, kowace tambaya da amsarta da bayanin dalili. Na keɓe littafi ina rubuta kowace tambayar da na faɗi, da abin da ya kayar da ni: rashin sanin darasin ne, ko gaggawa, ko ƙurewar lokaci. Ba a jima ba sai ga shi abubuwa ƙalilan ne ke ta maimaita kansu, kuma su nake ɗauka in kai wa Khan Academy.

Khan Academy sun haɗa gwiwa da College Board tun 2015, shi ya sa tambayoyinsu suke da ɗanɗanon na gaske. Sun kasa darussan mataki uku, na tushe, na tsakiya da na ƙwararru, kowace fasaha da bayaninta da misalanta da ɗan gwaji. Inda suka fi yi mini rana shi ne ƙa'idojin rubutun Turanci: inda waƙafi yake zama, bambancin waƙafi mai ruwa da ruwa biyu, dacewar aikatau da mai aikatawa, da kalmomin da ke sada jimla da jimla. Waɗannan dokoki ne sanannu, ba su da yawa, kuma wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne yana iya haddace su ya tsere wa ɗan ƙasa. A ganina nan ne maki ya fi saurin ƙaruwa.

Tambayoyin ma'anar kalma a cikin jimla kuwa, da guntayen waƙoƙi da tsofaffin rubuce-rubucen adabi, ba sa jin magani cikin gaggawa. Darussan za su koya maka dabarar tunkarar su, amma tarin kalmomi sai da karatu na yau da gobe. Komai na ciki ma da Turanci yake, ba wurin koyon harshen daga tushe ba ne.

A lissafi, shawarata ɗaya ce babba: ku saba da kalkuletar Desmos da ke cikin Bluebook. Tana zana duk ma'aunin aljabara da ka rubuta mata. Idan aka ba ka ma'auni biyu aka ce ka nemo inda suka haɗu, ka rubuta su, ka taɓa mahaɗar layukan, amsa ta fito. Abin da zai ci maka minti biyu da biro sai ya ƙare cikin daƙiƙoƙi, lokacin da ya rage maka kuma ka kashe shi a kan tambayoyin ƙarshe masu wuya. Amma fa ba ta karanta maka tambaya. Idan labari aka ba ka na kaso cikin ɗari ko na saurin mota, kai za ka mayar da shi lissafi da kanka. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tambayoyin lissafi ma babu zaɓi, da hannunka za ka rubuta amsar. Kuma tunda ba a rage maki don an yi kuskure, kada a bar ko tambaya ɗaya babu amsa, ko da canki-canka ne.

Abin da waɗannan biyun ba za su yi maka ba shi ne sauran aikin neman gurbi, wanda ya fi jarrabawar yawa. Matsayin jami'o'i a kan SAT ma ba ɗaya ba ne. Da yawa sun mayar da ita ganin dama tun zamanin korona, amma MIT ta dawo da wajabcin jarrabawa a 2022, sannan Dartmouth, Yale, Brown da Harvard suka sanar da nasu a 2024. Jami'ar Kalifoniya kuwa ba ta duba makin ko ka aika. Dole ne ka buɗe shafin kowace jami'a ka karanta da idonka. Ga kuma muƙalar da ba ta wuce kalma 650 ta Common App, wato fom ɗin neman gurbi da jami'o'i da yawa ke amfani da shi, ga wasiƙun shaida daga malamai, ga jarrabawar Turanci irin su TOEFL ko IELTS, ga fom ɗin CSS Profile ga mai neman tallafin karatu a jami'o'in da ke amfani da shi. Muƙalar nan tana buƙatar mutum mai rai ya karanta ya gaya maka gaskiya, malami ko masu ba da shawara a cibiyoyin EducationUSA, waɗanda ke taimaka wa masu neman karatu a Amurka.

Idan akwai wanda zan ce ya nemi malami na kuɗi, to wanda tushen aljabararsa ya yi rauni ne ƙwarai, ko wanda ya san ba ya iya zaunar da kansa sai da mai tsare shi. Shi ma ya tabbatar malamin da tambayoyin College Board yake koyarwa. Sauran kuwa su sauke Bluebook, su buɗe asusu a Khan Academy, su duba kalanda: masu neman gurbi da wuri galibi wajen 1 ga Nuwamba ake rufe musu, sauran a farkon Janairu. Gara a zauna jarrabawar da sauran watanni a gaba, yadda idan makin bai yi ba za a samu damar sakewa, tunda jami'o'i da yawa suna ɗaukar maki mafi girma na kowane ɓangare daga zama daban-daban su haɗa.