Garin kurkum ko kafson kurkumin: wanne ya dace da mai matsalar hanta da maƙoƙo?

Hajiya, kin ce hoton ciki ya nuna kitse a hantarki, ga maƙoƙo ya fara tasowa, kina tambaya ko ki ci gaba da garin kurkum da kike saye a kasuwar Gusau ko ki koma kafson da ake talla a WhatsApp. Sunan ya yi kama, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Kurkum, wato gangamau, saiwa ce, kuma sinadarin da ke ba shi launin rawaya, kurkumin, kusan kashi 3 cikin 100 ne na garin. Ƙaramin cokali a tukunyar miyar gida guda, nawa zai kai cikin kowa? Ɗan abin da ya shiga ma hanji ba ya tsotsarsa sosai. Kafso kuwa tatacce ne, ƙwaya ɗaya kan kai miligiram 500, sau da yawa an haɗa da sinadarin masoro, wanda wani bincike na 1998 a Indiya ya nuna yana ninka shigar kurkumin cikin jini sau 20. Kwamitin masana na hukumomin lafiya da abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya (WHO da FAO) ya sa iyakar miligiram 3 na kurkumin ga kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mace mai kilo 60, 180 ke nan. Lissafa da kanki.

Masu talla na cewa yana wanke hanta. Akwai ƙanshin gaskiya: a ɗakin gwaji kurkumin yana rage irin tsatsar da ke cin ƙwayoyin jiki, kamar yadda man gyaɗa ke lalacewa in ya daɗe yana shan iska. Wasu ƙananan gwaje-gwaje kan masu kitsen hanta ma sun nuna sauƙi kaɗan. Abin da ba sa faɗa shi ne, a 2019 Italiya ta samu mutane sama da 20 da hantarsu ta kumbura bayan shan irin waɗannan ƙwayoyi, Ostireliya kuma ta fitar da gargaɗi a 2023. Ni dai ba zan ɗora wa hantar da ke fama wannan kaya ba. Rage ƙiba, da tattaki, da sassauta wa lemon kwalba sun fi hujja.

Garin ma ba a saye shi ido rufe. A Bangaladesh an gano ana zuba wa kurkum sinadari mai dalma don rawayar ta ƙara haske. Mu 'yan Zamfara ba sai an ba mu labarin gubar dalma ba, mun ga abin da ta yi wa yaran Anka da Bukkuyum a 2010. Sayi ɗanyar saiwar, ki karya ki ga cikinta, ki shanya, ki daka a turminki.

Batun maƙoƙo gajere ne: babu wanda ke maganinsa a cikinsu, yawancin binciken a kan ɓeraye aka yi. Ki je asibiti a yi miki gwajin jini na TSH, wanda ke nuna yadda ƙullin wuya (thyroid) ke aiki, ki kuma duba ko gishirin gidanki mai aidin ne. In an ɗora ki a kan levothyroxine, maganin ƙarancin sinadarin thyroid, kada ki ajiye shi don kurkum.

In kuma kin riga kin fara kafson, ki tafi da kwalbar wajen likita, musamman in kina shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ko kina da tsakuwar matsarmama. Da kin ga idonki ya yi rawaya ko fitsari ya koma kalar shayi, ki daina a ranar, ki je a auna hantar.