Tankin Kifi da Lambu a Bayan Gida: Abin da Na Gani Bayan Wata Takwas

Mu mutanen Kabi ba sai an koya mana darajar kifi ba, domin duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu, ko ya ratsa kasuwar Yawuri da hantsi, ya san irin arzikin da Allah ya ajiye mana a ruwa. Sai dai kiwon kifi a bayan ɗaki, tare da shuka ganye a cikin tsakuwa ba tare da ƙasa ko taki ba, wannan ban taɓa ganinsa ba sai a wani ƙaramin shago a nan Birnin Kebbi, inda wani matashi ke sayar da abincin kifi da 'ya'yan tarwaɗa. Shi ne ya gaya mini sunan tsarin akwafonik, kuma shi na biya ya haɗa mini nawa a watan Nuwamba. Yanzu an yi wata takwas, don haka ina ganin na isa in faɗi ra'ayina game da aikinsa.

Abin da ya kawo shi ne farin tankin roba mai kejin ƙarfe, irin mai cin lita 1,000, wanda ya yanke samansa ya kifar da shi ya zama kwamin shuka mai zurfin santimita 30, ƙasansa kuma ya zama gidan kifi. Akwai ƙaramin injin da ke tura ruwa sama, da wani haɗi na bututun roba da ke tsotse ruwan kwamin ya mayar da shi tanki da zarar ya cika, ta yadda saiwoyi ke shan ruwa su kuma sha iska bi da bi. Kifi yana fitar da wani sinadari mai dafi da ake kira amoniya ta kashi da kuma ta hanyar numfashinsa, wasu ƙwayoyin bakteriya da ke maƙale a jikin tsakuwa suna mayar da ita naitirayit, wanda shi ma dafi ne ga kifi, wasu kuma su mayar da naitirayit ɗin naitiret, wanda shi ne abincin shuka. Ruwan sai ya koma wa kifi a tace.

Ta fuskar aikin hannu, ba ni da abin da zan ce sai yabo. Har yau babu mahaɗar bututu ko ɗaya da ta yi yoyo. Kafin ya yanka tankin ya nuna mini shaidar cewa kayan abinci aka taɓa zubawa a ciki, ba sinadarin masana'anta ba, sannan da aka sauke tsakuwa ya ɗebi kaɗan a kofi ya zuba mata ruwan khal muna kallo. Ya ce da ta yi kumfa, to akwai farar ƙasa a cikinta, kuma za ta riƙa ɗaga ma'aunin pH na ruwa, wato awon tsaminsa ko kanwarsa, har shuka ta kasa cin abinci. Ba ta yi ba. Ya kuma nannaɗe tankin da zana saboda kada hasken rana ya haifar da gansakuka. Waɗannan alamu ne na wanda ya san sana'arsa.

Inda muka saɓa shi ne a kan gaggawa. Kwana uku kacal da haɗa tsarin ya zo da 'ya'yan tarwaɗa 40 a cikin jarka ya juye, ni kuwa da yake ban san komai ba, har godiya na yi masa. Abin da bai gaya mini ba shi ne, bakteriyar nan ba ta taruwa a sabuwar tsakuwa sai bayan mako huɗu zuwa shida, kuma sanyin hunturu na ƙara jinkirta ta. Kafin ta kafu, babu abin da ke kawar da dafin da kifi ke fitarwa. A mako na biyu na fito bayan sallar asuba da tocila, na tarar da kifayen sun miƙe tsaye a saman ruwa, gashin bakinsu a waje, ba sa ko motsi idan an jefa abinci. Cikin kwana huɗu na kwashe matattu 11. Uwargida, wadda tun farko ba ta ga dalilin kashe kuɗi a kan abin da ake samu a kasuwa ba, ba ta ce komai ba, kuma shirun nata ya fi mini magana ciwo.

Da na kira shi bai yi musu ba, bai kuma ɗora wa ruwan rijiyata laifi ba. Ya zo da yamma da kayan gwajin ruwa, ya ɗiga magani a 'yar kwalba, launin ya nuna naitirayit ya yi yawa ƙwarai. Ya ce, "Baba, laifina ne, na ga kana ɗoki ne na kasa ce maka ka jira." Ya hana ba su abinci har kwana uku, ya canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan, sannan ya kawo bokiti biyu na tsohuwar tsakuwa daga tankin shagonsa ya gauraya da tawa, domin bakteriyar da ke jikinta ta yaɗu. Mutuwar ta tsaya. Ya ba ni wasu kifaye a madadin waɗanda suka mutu ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Duk da haka, kayan gwajin nan ya kamata su kasance cikin abin da ake sayar wa mutum tun ranar farko, domin wanda ba shi da su tamkar mai tafiya ne cikin duhu, ruwan zai yi masa garai-garai a ido alhali yana kashe kifi.

Abu na biyu da ba ya cikin lissafin da aka ba ni shi ne wuta. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska daga sama, shi ya sa take jure tsayawar inji fiye da karfasa, amma bakteriya da saiwoyi ba su da wannan gata. Na sayi faifan sola da batir daga baya, kuma kuɗinsu ya kusa kamo na sauran kayan gaba ɗaya. Duk mai niyyar yi a garin nan ya sa wannan a kasafinsa tun kafin ya fara ciniki.

Akwai kuma batun awo. Kwamin da ke saman tanki bai fi murabba'in mita ɗaya da 'yan kai ba, kuma ƙa'idar da masana ke bayarwa ita ce giram 40 zuwa 50 na abincin kifi a rana ga kowane murabba'in mita na ganye. Da kifayen suka girma, abin da suke ci ya ninka haka sau da yawa, kashi ya fara toshe tsakuwa. Sai da muka ƙara kwami biyu na rabin duro, muka kuma rage kifin ta hanyar da ta fi kowace daɗi, wato farfesu. Da an fara da kifi 20, da ba a shiga wannan wahala ba.

Game da shuka, latas ya yi kyau daga Disamba zuwa Fabrairu, amma da zafin Afrilu ya sauka, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, sai ya yi tsiri ya yi ɗaci. Alayyaho da yakuwa da kuɓewa da na'ana'a kuwa ko a jikinsu, musamman bayan na kafa musu rumfa. A watannin zafi nakan ƙara kusan bokiti ɗaya na ruwa a kullum, wanda bai kai ko kusa da abin da ɗan lambun ƙasa na da yake sha ba. Sau ɗaya sababbin ganye suka koma rawaya saboda ƙarancin sinadarin ƙarfe, ya aiko mini da garin da ake zubawa a ruwa, cikin mako biyu suka farfaɗo. Ya gargaɗe ni da kakkausar murya a kan feshin maganin ƙwari, da zuba wa kifi maganin kashe ƙwayoyin cuta ko gishiri mai yawa kamar yadda masu kiwo a kududdufi suka saba, domin na farko yana kashe kifi, na biyu bakteriya, na uku kuma shuka. Darɓa idan ta kama kuɓewa da hannu da ruwa nake wanke ta.

Ba zan shawarci wanda ke neman riba ya fara da tanki ɗaya irin wannan ba, saboda tsadar abincin kifi kaɗai ta isa ta cinye abin da zai samu. Wanda yake son kayan miya sabo a ƙofar kicin da kifi jefi-jefi, kuma yana da minti goma safe da yamma, zai ji daɗinsa. Maƙwabcina ya riga ya ba matashin aiki, kuma da shawarata suka rubuta sharaɗi cewa sola da kayan gwaji suna cikin farashi, kifi kuma ba zai shiga ruwa ba sai gwaji ya nuna amoniya da naitirayit sun sauka. Jiya ɗansa ya zo da bokiti ya ɗebi tsakuwa daga kwamina.